Yana haddacewa tsaf, amma da an juya tambaya sai ya rikice

'Yar'uwa, in na fahimce ki, ɗanki mai shekara tara ya haddace jadawalin ninkawa, amma da zarar an kawo tambayar cikin labari sai ya yi zuru. Ki kwantar da hankalinki, ba daƙiƙanci ba ne sam. Wani masanin tunanin yara mai suna Jean Piaget ya nuna cewa tunani kan abin da ido bai gani ba sai wajen shekara 11 zuwa 12 yake fara ƙwari, kafin nan yaro da hannu da ido yake ganewa.

Don haka ki fara da abin da zai taɓa. Ki zube masa murafen kwalba 12 ki ce ya raba wa mutum uku daidai, in ya raba sai ya zana abin da ya yi a takarda, daga ƙarshe ne zai rubuta 12 ÷ 3. Sannan ki ce shi ma ya ƙirƙiro tasa tambayar ya yi miki, wallahi nan ne za ki ga ko ya gane da gaske.

Inda iyaye ke kuskure shi ne saurin faɗa masa amsa, da tsawa, da hana shi bin wata hanya don ba ita malami ya koyar ba. Ki tambaye shi "ya aka yi ka samu wannan?" ko da amsar daidai ce.

Amma in watanni suka wuce har yanzu yana kasa gane wanne ya fi tsakanin 7 da 9, ki zauna da malaminsa, a duba masa ido da kunne, sannan ku ga masanin halayyar koyon yara don akwai larurar lissafi da ake kira diskalkuliya.