Tambaya da Amsa: Na kulle kan babur, aka sace shi a ƙofar masallaci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya. Watan jiya na je sallar Juma'a, na ajiye Boxer ɗina a layin da kowa ke ajiyewa, na murɗa kai na kulle, na jefa makulli a aljihu. Ana sallamewa na fito na ga wayam. Yanzu na ci bashi na sayi wani. Wasu sun ce in sa tiraka, wato na'urar da ke nuna inda babur yake, wasu sun ce sarƙa, wasu ƙararrawa, kuma kuɗina ba zai kai duka ba. Me zan fara saye?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, Malam, ya sa iyakar asarar ke nan. Sarƙa da kwaɗo za ka fara saye. Amma bari in gaya maka yadda aka ɗauke na farkon, don in ba ka gane wannan ba, sarƙar ma ba za ta tsinana maka komai ba.

Makullin wuyan da ka dogara da shi ɗan guntun ƙarfe ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da ke fitowa ya tokare wuyan babur. Ana kawo mana babura gareji da shi a karye, sai ka ga ya rabe biyu kamar alli. Ƙarfin mutum ɗaya ya ishe shi. Shi kuma ramin makullin, in babur ya yi shekara biyu uku ana sawa ana zarewa, ga ƙura ga ruwa, haƙoransa sun cinye. Na taɓa miƙa wa masu Boxer biyu makullansu a juye bisa kuskure, kowa ya tayar da nasa da makullin ɗan'uwansa, sai da ɗaya ya je buɗe ƙofar gida ya gane. Ƙari a kan haka, yawancin baburan nan da ake tayarwa da kik ba sa jiran batir, wutar filogi daga cikin inji take zuwa, aikin makulli kawai ya tare ta. Wanda ya san waya ba ya buƙatar abin da ke aljihunka.

Ɓarawon masallaci kuwa da kaftani da hula yake zuwa, wani har da darduma a kafaɗa. Ya zaga layin tun ana huɗuba, ya zaɓi wanda zai ɗauka, ya jira kabbarar farko. Ya san yana da raka'a biyu da ba wanda zai waiwayo. Cikin babura hamsin ba zai tsaya kokawa da mai sarƙa ba alhali na kusa da shi makullin wuya kaɗai gare shi. Lokaci shi ne jarinsa, kai kuma aikinka ka cinye masa shi.

To wace irin sarƙa? Ka rabu da igiyar wayar nan mai rufin roba da ake sayarwa a bakin titi, ta keke ce, almakashin ƙarfe sau ɗaya zai cije ta. Ka nemi sarƙar ƙarfe mai tauri wadda kaurin zobenta ya kai milimita 12 ko fiye. In ka ɗaga ta ba ka ji nauyi a hannu ba, ajiye musu. Kwaɗon kuma ka zaɓi wanda kafaɗunsa suka rufe bakin, ta yadda in ya kama sarƙa babu sararin da almakashi ko zarto zai shiga. Babbar sarƙa da kwaɗon akwati ɓarnar kuɗi ce.

Ɗaurin shi ne inda mutane suka fi kuskure. Kada ka ɗaure tayar gaba, noti ɗaya ake kwancewa a bar maka taya a tafi da babur. Ka zura sarƙar ta tayar baya, in da hali ta ratsa jikin babur ɗin, sannan ta zagaye abin da ba ya motsi: turken fitila, bishiya, ƙarfen shinge. Ɗaurewa a jikin abin da ba ya motsin nan shi ne ruhin abin. Boxer kilo 100 ne da ɗoriya, ƙarti uku za su cicciɓe shi su jefa a bayan a-kori-kura da sarƙarsa a jiki, su je su yanke a tsanake. In babu turke, ku haɗa naka da na abokinka a sarƙa ɗaya, babura biyu a sarƙe ba sa cicciɓuwa cikin sauƙi. Sannan ka ja ta ta ɗame, kada ta kwanta a ƙasa. Mai almakashi da ƙasa yake tokare hannu ɗaya ya danna da dukan nauyinsa, mai guduma ma ƙasa yake nema ya ɗora kwaɗo a kai. In sarƙa na reto a sama, duk biyun sun rasa madogara.

Kada ka manta da gida, don da yawa a soro ko tsakar gidan haya ake ɗauke su, musamman da asuba in an buɗe ƙofa an tafi masallaci. Ka sa mai walda ya lanƙwasa maka rodi mai milimita 16 ya zama kamar hannun tukunya, a haƙa rami a binne ƙafafunsa da kankare a kusurwar da kake ajiyewa. Kullum dare ka ɗaure a nan. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Abu na biyu, in kuɗi ya ragu, makunnin sirri. Mai gyaran waya zai sa maka ɗan maɓalli da ke kashe wutar filogi ko da an murɗa makulli, sai ɓarawo ya yi ta buga kik babur ya yi shiru. Ka kai wa wanda ka yarda da shi, a lokacin da gareji ba cunkoso, kuma kada a sa shi ƙarƙashin kujera ko cikin murfin gefe, nan kowa ke sawa, nan ake fara lalubawa. Ka tsaya a haɗa wayar da dalma a naɗe ta da kyau, in ba haka ba ruwan farko na damina kai zai tsayar a hanya. Rufe famfon mai da zare hular filogi ba laifi, sai dai tsohuwar dabara ce, sun san ta.

Ƙararrawa ba na cika ba da shawararta don kasuwa ko masallaci. Yara sun taɓa ta yi kuka, iska ta kaɗa ta yi kuka, har mutane su daina ɗaga kai, ga shan batir. A gida cikin dare tana da amfani.

Tiraka kuma ba ta hana sata, bayan an sace take aiki. Layin waya ne a cikinta, don haka tana son kati da data, kuma in aka bar layin ya daɗe ba a amfani da shi kamfani zai rufe. Na ga mai tirakar da sai ranar da aka sace babur ya gano layin ya mutu tun bara. In ka sa, ka riƙa gwada ta kowane mako. In ta nuna maka inda babur yake, ina roƙonka kada ka kwashi abokai ku tafi. Ka je da 'yan sanda. Haka in masu ƙwace suka tare ka da makami, sauka ka ba su. Babur ana sayen wani, ga shi ka saya.

Yau ɗin nan, kafin ka sayi komai, ɗauki waya ka ɗauki hoton lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da aka buga a wuyan babur, da lambar inji da ke ƙasa ta wajen giya. Ka yi masa rajista da lamba, ka ajiye rasit da takardu na asali a gida, kwafi kawai za ka riƙa yawo da shi. Masu barin takardu ƙarƙashin kujera sun ba ɓarawo babur har da shaidar mallaka. In an kama babura an tara a ofishin 'yan sanda, an sake fenti an cire lamba, da waɗannan lambobin kaɗai za ka ce wannan nawa ne.

Wurin masu gadin babura, biya ka karɓi kati, ka duba an rubuta lambarka a jiki, sannan duk da haka ka sa sarƙarka. Makulli kuma kada ya bar hannunka, ko wurin wanki, ko ga mai cewa ara min in je nan in dawo, don manna shi a sabulu ya isa a yanko irinsa.

Sarƙar in za ka tafi, naɗe ta a kariyar ɗora kaya ta bayan babur ka kulle da kwaɗonta, kada ka rataya a wuya ko ƙugu, in aka faɗi da ita tana karya haƙarƙari. Ran Juma'a kuma ka fita da minti goma kafin lokacin da ka saba, don turakun kusa da masallaci kaɗan ne, masu sammako ke samu.