Filin da aka sare turare: in saya ko in haƙura?

Tambaya daga wani bawan Allah a Bukuru: "Malam, an yi min tayin fili da araha wajen Barkin Ladi, da can gandun itacen turare ne an sare, ina so in sa dankali amma abokai na cewa ƙasar ta mutu."

To ɗan'uwa, ba ta mutu ba, tsami ta yi. Turaren nan an dasa shi da yawa a Filato ne don rufe wuraren da aka haƙi kuza, kuma shekara da shekaru yana zuƙe kalsiyam da magniziyam, sinadaran da ke hana ƙasa tsami, daga ƙasa yana tarawa a jikinsa, ranar da aka sare aka loda a mota sun tafi kenan, ga ruwan saman Jos mai yawa yana wanke ɗan abin da ya rage. Idan awon pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam ɗin cikin ƙasa sai ya narke ya hana saiwa tafiya, ka tuge shuka ka ga saiwar gajeru masu kauri kamar an datse, ganye ya yi ɗorawa, kai kuma kana ta zuba takin NPK a banza don ƙasar ta riƙe sinadarin fosfarus da ke cikinsa ta hana shukar.

Kada ka biya ko sisi sai ka ɗebo ƙasa daga wurare da dama na filin, zurfin kamar taƙi ɗaya, ka gauraya ka kai gwaji, akwai kwalejin albarkatun ƙasa ta tarayya nan Kuru ba nisa. Sa'arka ɗaya dankali yana jure ɗan tsami, in pH ɗin ya kai 5 zuwa 6 saya kawai. In ya gaza haka a rage maka kuɗi, don gyaran ba na damina ɗaya ba ne. A Jamus ruwan sama mai tsami ya lalata dazuzzuka a shekarun 1980, hayaƙin da ya jawo shi ya ragu tuni amma har yanzu da jirgi mai saukar ungulu suke watsa wa daji farar ƙasa don rage tsamin. Sannan kututturan turare suna sake tohowa, cire su ma kuɗi ne, sa shi a lissafi.

Wata Hajiya daga Rayfield kuma ta ce kuɗinta kaɗan ne, takin yuriya za ta ƙara wa lambunta mai tsami ko farar ƙasa?

Hajiya farar ƙasa, ta noma ba ta shafen bango ba, in kin samu dolomait, wato farar ƙasa mai magniziyam, ma ya fi. Yuriya ƙara tsami take yi a hankali. A gauraya farar ƙasar da ƙasar lambu wata biyu ko uku kafin shuka. In kuɗin bai kai ba ki haɗa tokar murhu da kashin kaji, masu lambun bakin kogin Dilimi a Jos sun daɗe suna amfani da tokar bola, sai dai ni bolar yanzu mai leda da batir ba zan sa wa latas ɗin da zan ci ba.