Hukuncin wanda ya haura gidan mutane ba izini, da dalilin bambancin hukuncin kotuna

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani dare na ji motsi a tsakar gidana, na fito da tocila, sai na tarar da wani matashi ya haura katanga yana laɓe kusa da tagar ɗakin iyalina. Bai ɗauki komai ba. Muka miƙa shi ga hukuma, kotu ta ci shi tara ta sallame shi, alhali na san wani da aka kama da irin wannan laifi aka ɗaure shi wata 6. Shin ba a zalunce ni ba? Kuma ya halatta in sa a yi masa dukan da zai hana shi sakewa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Abin da matashin nan ya aikata haramun ne, babu saɓani a kansa. Allah Maɗaukaki ya hana muminai shiga gidajen da ba nasu ba sai sun nemi izini sun yi sallama, a aya ta 27 ta Suratun Nur, sannan a aya ta 28 ya ce ko ba a sami kowa a ciki ba kada a shiga, in kuma an ce a koma to a koma. Wanda ya zo ta ƙofa ma sau 3 yake neman izini, in ba a ba shi ba ya juya, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Musa al-Ash'ari, balle wanda ya biyo ta katanga cikin dare. Tsayuwarsa kusa da taga ta ƙara wa laifin muni, domin Annabi (SAW) ya gaya wa mutumin da ya leƙa ɗakinsa cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini.

Sai dai haramcin abu daban, nau'in hukuncinsa daban, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Shiga gida ba izini ba shi da haddi, wato ba shi da ƙayyadadden hukunci daga nassi. Ba a kuma kiransa sata a fiƙihu, domin sata ba ta tabbata sai mutum ya fitar da dukiyar da ta kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami 3 a wajen Malikiyya, daga inda aka adana ta. Wanda aka kama a cikin gida, ko da ya tara kaya ya ƙulle bai riga ya fita da su ba, ba a yanke masa hannu. Abin da ya rage a kansa shi ne ta'aziri, horon da Shari'a ta bar wa alƙali ya auna.

Tun da awo ne, dole sakamako ya bambanta. Alƙali yana duba niyyar da ta bayyana daga halin wanda aka kama, da lokacin shigar, da ko wurin gidan kwana ne ko fili ne da ba a kewaye ba, da ko yana ɗauke da makami, da ko ya ɓalle ƙofa ko ya tsoratar da wani, da ko an taɓa gargaɗinsa ya dawo. Mutumin da ya ratsa gonar wani da rana don ya yanke hanya, da wanda aka samu a bakin ɗakin mata da tsakar dare, sunan laifinsu ɗaya ne a takardar tuhuma, amma babu mai hankalin da zai ce a yi musu hukunci ɗaya. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa a yafe wa masu mutunci tuntuɓensu in ba a haddi ba, kuma wannan na cikin abin da malamai suka dogara da shi wajen sassauta wa wanda ba a san shi da ɓarna ba. Don haka mai yiwuwa ne wanda aka ɗaure wata 6 ɗin ba karonsa na farko ba ne, ko an same shi da abin fasa ƙofa, abin da kai ba ka gani ba amma alƙali ya gani.

Ta'aziri yana farawa daga tsawatarwa, ya kai ga ɗauri ko bulala. A hadisin Abu Burda an hana wuce bulala 10 sai a haddi, wasu malamai suka tsaya a kan haka, Imamu Malik kuwa ya bar adadin ga ijtihadin shugaba. Ita kuwa tara, mafi yawan magabata ba su yarda da horo ta hanyar karɓar dukiya ba, amma Abu Yusuf da Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta, kuma ra'ayinsu ne nake ganin ya fi ƙarfi, da sharaɗin kuɗin su shiga baitulmali. Tarar ba haƙƙinka ba ce. Haƙƙinka shi ne a biya ka abin da aka lalata, ko kwaɗo ne ko gilashin taga ko wani ɓangare na katanga, kuma tarar da ya biya ba ta sauke masa wannan.

Ban ce kowane hukuncin kotu daidai ne ba. Annabi (SAW) da kansa ya ce, a hadisin Ummu Salama, wani yana iya fin wani iya kawo hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba. A nawa ganin, in dai alƙali ya san cewa a bakin tagar iyali aka same shi da dare, tara kaɗai ta yi sauƙi. Idan ba a bayyana wa kotu wannan ba, ko ba a saurari shaidunka ba, ka bi hanyar da doka ta tanada a wurinku don a sake duba hukuncin ko a ɗaukaka ƙara, ka kuma nemi a rubuta masa gargaɗin kada ya sake kusantar gidan.

Batun duka kuwa, bai halatta ba. Shari'a ta ba ka damar kare kanka da iyalinka a lokacin da mai kutse yake cikin gidan, ka fara da mafi sauƙi, tsawa ko neman agaji, ka ƙara gwargwadon buƙata. Hadisin da ya ɗauke laifi daga wanda ya jefi mai leƙe ya tsiyaye masa ido ma yana magana ne a kan lokacin leƙen, kuma Malikiyya da yawa sun ɗauke shi a matsayin tsoratarwa. Da zarar an kama mutum ya sallama, kariya ta ƙare, horo ya koma hannun hukuma. Idan ka sa aka doke shi bayan kotu ta sallame shi, kai da waɗanda ka aika kun zama masu laifi, kuma yana da damar neman ƙisasi ko diyyar raunin da aka yi masa.

Allah ne mafi sani.