Tambaya da Amsa: In ce wa mai sayarwa ya rubuta "kyauta" a kan kayana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Kubwa nake, ina ɗan sana'ar sayar da kayan kicin ta WhatsApp. Na yi oda daga Sin, kayan dala 400, kuɗin jirgi dala 60. Kaya sun iso Abuja, sai kamfanin da ya ɗauko su ya ce sai na biya kuɗin kwastan kafin a ba ni. Wallahi hankalina ya tashi, jarina ke nan. Wata ƙawata ta ce nan gaba in sa a rubuta kyauta ce, ba za a caje ni ba. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba damfara ba ce, muddin sun ba ki takardar lissafin kwastan mai ɗauke da lambar kayanki. Idan kuwa wani ya kira ki ya ce ki tura kuɗi asusunsa na kansa, kada ki ba shi ko sisi.

Kwastan ba farashin kaya kaɗai suke dubawa ba, suna haɗawa da kuɗin jirgi da inshora. Wato naki aƙalla dala 460 za a lissafa. Najeriya na bin jadawalin kuɗin fito na ECOWAS mai matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. A ce kayanki na matakin 20 ne, dala 92 ke nan. Sai harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake ɗorawa bayan an haɗa kuɗin fiton, sai ladan kamfanin. A watan Satumba na 2025 an yafe kuɗin fito ga kayan da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara. Naki ya zarce wannan.

Sai maganar ƙawarki, wadda kusan kullum nake ji har na gaji da ita. Kalmar "kyauta" ba laya ba ce. Kyauta ma kaya ce, tana da daraja, kuma darajar ake yi wa haraji. Jami'in da ke buɗe kwalaye safe da yamma a filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya ga injin markaɗe guda goma iri ɗaya, an rubuta kyauta, dala 20, kina tsammanin bai san farashinsu ba? Wace goggo ce ke aiko da injin markaɗe goma daga birnin Guwanzu na Sin? Zai ajiye takardarki gefe ya ƙiyasta da kansa, kuma ba ki da bakin musu, tunda rasit ɗinki na gaskiya shi ne shaidar cewa an yi ƙarya. Daga nan sai tara, ko a riƙe kayan, kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum. Dokar Kwastan ta 2023 ta ɗauki bayanin ƙarya a matsayin laifi, kuma ɗan Sin ɗin da ya rubuta yana can garinsu, sunanki ne a jikin kwali.

Abin da masu ba da wannan shawarar ba sa faɗa shi ne ranar da kaya suka ɓata ko suka fashe a hanya. Diyyar da za ki nema ba za ta wuce abin da aka rubuta ba. Kin sa a rubuta dala 20, to kayan dala 20 kika yi asara a idonsu. Na ga mata sun yi kuka a gabana kan haka, kuma wadda ta ba su shawarar ba ta biya su ko kwabo ba. Takaicina da 'yan "na san hanya" ke nan, masu koyar da dabara da jarin wasu.

Yanzu ki nemi takardar lissafin, ki gwada ta da rasit ɗinki. In kin ga an ɗaga farashi ko an sa kayan a matakin da ba nasu ba, ki tura rasit da shaidar biyan kuɗi daga banki, ki nemi a sake dubawa kafin ki biya. Oda ta gaba kuma, ki sa kuɗin fito cikin farashin da za ki sayar tun kafin ki danna saye.