Haɗa Baƙi ko Haddar Kalma? Amsa ga Sabon Malamin Aji Ɗaya

Ɗana, tambayarka ta iso ni, kuma ba kai ne farkon wanda ta hana barci ba. Ka ce kana ta fama da yaranka a kan sautin haruffa, kullum ana “mmm” da “aaa”, alhali a ajin da ke kusa da naka yara sun fara rera shafi guda daga littafi mai hotuna, iyaye na ta murna. Ka kuma ce a kwaleji an gaya muku cewa yaro kan koyi karatu yadda yake koyon magana, a dai kewaye shi da littattafai. Kana son sanin wace hanya za ka riƙe.

Kafin ka yanke hukunci, ga wani gwaji da ba zai ci maka lokaci ba. Ka kira yaro ɗaya daga cikin masu rera shafi, ka rufe hoton da tafin hannunka, ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi. Sannan ka rubuta masa a allo abin da bai taɓa gani ba, ko da kalmar da babu ita a harshen ce, kamar “nilo” ko “fazu”. In ya karanta, ya iya karatu. In kuwa ya ɗago kai yana duban fuskarka, ko ya koma farkon shafi yana rerawa har ya iso wurin, to hadda ya yi. Hadda ba laifi ba ce, amma ba ita aka ɗauke ka ka koyar ba.

Zancen cewa karatu kamar magana yake, yana da daɗin ji, sai dai ba haka abin yake ba. Babu wata al'umma a duniya da ba ta magana, kuma ba wanda ke zaunar da jariri ya koya masa ita a allo. Rubutu kuwa ƙirƙirar ɗan Adam ne, shekarunsa 5,000 ne da 'yan kai, kuma har yau akwai manya masu kaifin basira da suka rayu a tsakiyar rubuce-rubuce ba su iya karanta ko ɗaya ba. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, ya yi bayanin cewa idan mutum ya koyi karatu, wani sashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, daga cikin masu aikin gane siffofin abubuwa, shi ke komawa gane haruffa. Wato aron wuri ake yi, ba da shi aka haife mu ba. Rubutun haruffa yarjejeniya ce: an amince cewa wannan zane yana wakiltar wannan sauti. Wasu yara ƙalilan kan gano sirrin da kansu. Mafi yawa sai an faɗa musu ƙarara. Faɗa musu ɗin, bisa tsari, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, shi ne abin da Turawa ke kira foniks, mu kuma mu ce hanyar sauti ko haɗa baƙi.

Gardamar nan ta girme ni, balle kai. A Amurka an daɗe ana amfani da hanyar duba-ka-faɗa, inda ake nuna wa yaro kalma ɗungurungum, a maimaita ta har ya riƙe siffarta. A 1955 wani marubuci, Rudolf Flesch, ya fito ya caccaki wannan hanya, ya ce ita ce ta hana yaran ƙasar iya karatu. A 1967 Jeanne Chall ta jami'ar Harvard ta tattara binciken da aka yi shekaru da dama, ta ga cewa yaran da aka fara musu da haruffa da sautinsu sun fi ƙwarewa, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi. Abin mamaki, a wannan shekarar ce wani masanin ilimi, Kenneth Goodman, ya fito da nasa ra'ayin, cewa karatu wasan kintace ne: mai karatu yana ɗan tsintar haruffa, ya cike sauran da abin da yake zato. Daga wannan tunani aka gina hanyar da ta mamaye makarantu daga baya, wadda ke cewa a bar yaro ya nutse cikin labarai masu daɗi, in ya ci karo da kalmar da bai sani ba ya dubi hoto, ya dubi harafin farko, ya tambayi kansa me zai dace a nan. Jihar Kalifoniya ta rungumi wannan a 1987. Da aka yi jarrabawar ƙasa ta 1994, sai ga 'yan aji huɗunta a can ƙasan jerin jihohi. Adalci dai, ba hanyar koyarwa kaɗai ta jawo ba, akwai cunkoson aji da yawan yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne, amma jihar da kanta ta ja da baya.

Inda Goodman ya kuskure shi ne wurin da nake son ka fi kulawa, domin kuskuren yana kama da gaskiya. Kai da ka ƙware, in kana karatu ji kake kamar kalmomi kake haɗiyewa ɗungurungum, ba ka bi ta kan haruffa. Amma da aka sa na'urori suna bin motsin idon ƙwararrun masu karatu, sai aka ga idon yana sauka a kan mafi yawan kalmomin, yana kuma ɗaukar haruffan cikinsu, sai dai da saurin da mai shi ba ya ankara. Binciken Keith Stanovich da abokan aikinsa ya ƙara nuna cewa masu raunin karatu su ne suka fi dogara da kintace don gane kalma, saboda haruffan ba sa yi musu magana. To ka ga ke nan, malamin da ke cewa yaro “dubi hoto ka canka” ɗabi'ar mai rauni yake dasa masa da hannunsa. A aji ɗaya dabarar kan yi aiki, domin jimlolin gajeru ne, hoto na gefe. Ranar da aka shiga aji uku ko huɗu, hotuna suka ragu, kalmomi suka yi tsawo, sai ka ji ana cewa yaron nan da yana ƙoƙari, me ya same shi? Ba abin da ya same shi. Sandar da yake dogarawa ce aka ɗauke.

Ita kuwa gane kalma da kallo ɗaya, ai ita ce muke nema duka. Bambancin a hanyar isa ne. Wata mai bincike kan karatu, Linnea Ehri, ta nuna cewa idan yaro ya warware kalma harafi bayan harafi 'yan lokuta, rubutunta da furucinta da ma'anarta kan manne wuri guda a ƙwaƙwalwarsa, daga nan ba ya sake warware ta. Yaron da yau yake jan “kaaa-maaa” da ƙyar, shi ne wanda nan gaba zai ga “kama” ya wuce ba tare da ya tsaya ba.

Yanzu bari in ba ka hujjar da ke da kaifi biyu, don kada ka zama cikin masu ɗaukar hanyar sauti kamar maganin kowace cuta. A wata gunduma ta Sikotilan mai suna Clackmannanshire, Rhona Johnston da Joyce Watson sun bi yara kusan 300 har shekara 7, aka fitar da sakamako a 2005. Yaran, waɗanda aka koya wa furta sauti ɗaya-ɗaya su haɗa su zama kalma, sun gama firamare suna gaba da sa'o'insu da wajen shekara 3 da rabi a karanta kalmomi. Wannan ya yi tasiri a Ingila, inda rahoton da Jim Rose ya rubuta wa gwamnati a 2006 ya sa aka ɗora makarantu a kan wannan hanya, kuma daga 2012 ake yi wa 'yan shekara 6 gwajin kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, irin gwajin da na ce ka yi. A shekarar farko kashi 58 cikin 100 ne suka kai makin da ake so, zuwa 2019 sun kai kashi 82. Amma koma kan yaran Sikotilan: a fahimtar abin da suka karanta, ratar da suka bayar wata 3 da rabi ce kawai. Shekara 3 da rabi a furtawa, wata 3 da rabi a fahimta. Ka riƙe wannan.

Dalilinsa Philip Gough da William Tunmer sun faɗe shi tun 1986: fahimtar karatu ita ce iya warware rubutu sau fahimtar harshe. Lissafin sau ne, ba na tarawa ba, in ɗaya ya zama sifili duka sun tashi a sifili. Kwamitin da Amurka ta kafa kan karatu ma, a rahotonsa na 2000, abu biyar ya lissafa: jin sautukan da ke cikin kalma, danganta su da haruffa, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Saboda haka masu son labarai ba su yi ƙarya ba da suka ce yaro na buƙatar littattafai masu daɗi. Kuskurensu shi ne zaton daɗin labari zai koya masa harafi. Kai ka karanta musu da bakinka kullum, labarin da ya fi ƙarfin karatunsu, ka tsaya ka tambaye su, su yi gardama, su ji sababbin kalmomi. Wannan darasi ne daban, a lokaci daban, kuma nauyinsa ɗaya da na haruffa.

Ka kuma lura cewa duk wannan rigima a kan Ingilishi aka yi ta, harshen da ke da haruffa 26 da sautuka wajen 44, inda harafi ɗaya kan yi furuci iri-iri. Wani bincike da Philip Seymour ya jagoranta a 2003 ya kwatanta yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko. Masu koyon Finlanci, Girkanci, Italiyanci, Sifaniyanci da Jamusanci suna karanta sama da kashi 90 na kalmomin da aka ba su daidai, masu Ingilishi kashi 34. In hanyar sauti ta yi nasara a harshe mai wannan murɗiya, ina ga harshen da haruffansa ke cika alkawari? Rubutun Hausa yana cikin masu sauƙin. Inda yake da giɓi shi ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala suke fitowa iri ɗaya. A nan ne jimla ke da haƙƙin taimakon yaro: bayan ya karanta haruffan duka, ma'ana ta zaɓar masa furuci. Kafin ya karanta, ba ta da hurumi.

A aikace, kada ka bi haruffa daga a zuwa z kana jiran sai an gama kafin a fara karatu. Ɗauki wasali biyu da baƙaƙe uku ko huɗu da za su haifi kalmomi da yawa. Ka fara da waɗanda ake iya ja, irin m, n, s, l, domin yaro ya fi jin yadda “mmm” ke zubawa cikin “aaa” ya zama “ma”. Ka kiyaye bakinka: sautin baƙi kake so, kada ka liƙa masa wasali. In ka koya masa cewa wannan harafi “ma” ne, ranar da ya ga “mu” zai ce “ma-u”. Da zarar sun sami a, m, n, k, ai sun sami “mama”, “kaka”, “kama”, “mana”, kuma tun a makon nan yaro zai ɗanɗana cewa shi da kansa ya karanta. Daga gaɓa zuwa kalma, daga kalma zuwa gajeriyar jimla da ka rubuta da haruffan da ka riga ka koyar kaɗai. In littafin da aka ba ka ya cika da haruffan da ba su kai ba, rubuta naka a allo, domin ba yaro abin da ba zai iya warwarewa ba tilasta masa canka ne.

Shifta kuma kada ta wuce ka ko da rana ɗaya. Ka faɗi kalma, su ƙirga sautukanta da yatsu, su rubuta. Abin da yaro ya rubuta yana nuna maka abin da kunnensa ya ji fiye da duk wata amsar baki ta taron aji, inda biyar ke karantawa sauran na bin amo. Ka raba b da d da tazarar makonni, sai sun zauna sannan ka kawo masu ƙugiya, sannan masu goyo irin sh, ts, kw da gy. Minti 20 zuwa 30 a kullum, da kuzari, ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Idan yaro ya cije a kan kalma, ka haɗiye amsar da ke bakinka, ka ce masa ya sa yatsa a harafin farko ya bi har ƙarshe. Shirun nan na 'yan daƙiƙu yana da nauyi ga sabon malami, na sani, amma a cikinsa ake koyon.

Za ka sami 'yan kaɗan da ko an yi duk wannan suna baya. Jarabar da ke zuwa wa malami a nan ita ce ya ce hanyar sauti ba ta karɓe su ba, bari a koma musu hadda. Kada ka yi. Su ne ma suka fi kowa buƙatar ta, sai dai a ƙaramin rukuni, da taki gajere da maimaici mai yawa. Ka fara gwada kunnensu ba tare da allo ba: ka ce “sss-aaa”, ka ji ko za su ce “sa”, ka tambaye su sautin da “lemo” da “laka” suka fara da shi. In wannan ya gagara, a nan aikinka yake tukuna, ba a kan harafi ba. Wanda kuma ka ga yana matso da fuska jikin takarda, ko kullum sai ka maimaita masa magana, ka kira iyayensa a duba masa ido da kunne tun zangon bai ƙare ba.