Tayil a Garejin Gida: Zai Iya Ɗaukar Mota da Jak?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gareji a gidana a Samaru, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4. Nan nake ajiye mota, nan nake juyen baƙin mai da ƙananan gyare-gyare ranar Asabar. Daɓen simintin wurin kullum ƙura yake tayarwa, ga tabon mai da ya ƙi fita. Ina so in sa tayil ɗin fosilin, mai taurin nan da ba ya shan ruwa sosai, amma maƙwabcina ya ce mota na hawa zai farfashe. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba mamaki maƙwabcinka ya ga tayil ya fashe a gareji, amma da ya ɗaga ɓallin ya duba ƙarƙashi, da ya tarar da rami. Nauyin mota ba shi ne matsalar ba. Ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi, kowace taya tana ɗauke da abin da bai kai kilo 500 ba, kuma a kan roba mai laushi da ta kai faɗin tafin hannu. Fosilin da ya zauna daram a kan kankare ba ya jin wannan. Wanda aka bar wa iska a ƙarƙashin kusurwa kuwa, ranar da taya ta taka daidai wurin zai ce ƙas.

Daga nan ne za ka yi fama da mai sa tayil. Yadda aka saba a Zariya shi ne a baza yashi da siminti mai ɗan danshi, a kwarara ruwan siminti a kai, a jiƙa tayil a baho, a ɗora a bubbuga. Wannan yana yi wa siramik, domin bayansa na shan ruwa, siminti ya samu wurin kamawa. Fosilin ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa ba. Ko ya kwana a baho bai sha komai ba, siminti zalla kuma ba ya riƙe shi da kyau. Bayan 'yan watanni sai ka ƙwanƙwasa da makulli ka ji yana amo kamar ganga. Don haka ka sa sharaɗi tun kafin ciniki: da gam ɗin tayil za a yi aikin, irin wanda aka rubuta C2 a jikin buhunsa.

Ga yadda aikin yake. Kankaren ƙasa ya kai kaurin santimita 10, idan sabo ne a bar shi kwana 28. Naka tsoho ne, kuma ya sha baƙin mai, gam ba ya kama mai. A wanke da omo da ruwan zafi, inda man ya nutse a sassaƙe fatar simintin har a kai ga mai tsabta. A zuba ɗan ruwa a gani: idan ya dunƙule bai shiga ba, da sauran mai. Sannan a kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2 ko 3 a wurare daban-daban. Duk inda tazarar da ke ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3, a cike ta tukuna, kada a ce gam zai gyara.

A shafa gam a ƙasa da cokali mai haƙora milimita 10 zuwa 12, layukan duk su fuskanci gefe ɗaya, a kuma shafa siririn gam a bayan tayil ɗin kansa. A ɗora, a ɗan goga shi gaba da baya don layukan su rushe, a bi da gudumar roba. Kai da kanka ka ce a ɗaga ɗaya daga cikin na farko ka duba bayansa: ya kamata gam ya rufe kusan ko'ina, har kusurwoyi huɗun. Idan ka ga dunƙule biyar, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, tsayar da aikin nan take.

Lissafin kaya: garejinka murabba'in mita 24 ne. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa. Idan tayil mai santimita 60 da 60 ne, guda huɗu a katan, wato murabba'in mita 1.44, katan 19 kake buƙata. Gam kuwa, da wannan shafi biyu, ka yi tanadin kilo 5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita, buhu 7 zuwa 8 ke nan na kilo 20. Ka ajiye ragowar tayil. Kalar da ka saya bana da wuya ka same ta a Sabon Gari baɗi.

Ana iya takawa da ƙafa bayan kwana ɗaya. Mota ta jira mako guda a waje.

Tambaya: Ni daga Tudun Jukun. Na je shago an nuna min wani mai ƙyalli an ce fosilin ne, kuma ya fi sauran araha. Ta yaya zan gane na gaske?

Amsa: Hajiya, araha ba ta ado. Ki juya tayil ɗin ki ɗiga ruwa a bayansa. Siramik zai shanye cikin 'yan mintuna ya bar duhun danshi; a kan fosilin ɗigon zai yi ta zama. A jikin katan ki nemi BIa, shi ne rukunin fosilin. Idan mai rufin gilashi ne a sama, lambar PEI, mai nuna yadda yake jure gogewa, ta zama 4 ko 5. Wanda ya fi dacewa da gareji shi ne mai launi ɗaya tun daga sama har ƙasa, wanda in kin dubi gefensa ba ki ga wata siririyar fata daban ba. Ko ya ɓalle, ɓallin ba ya tsone ido. Kauri kada ya gaza milimita 9 ko 10.

Mai ƙyallin nan dai ki bar wa falo. Mota ta shigo jiƙe a watan Agusta, ga ɗigon mai a ƙasa, faɗuwa ce ke jiran mutum. Ki nemi marar sheƙi mai ɗan kaushi, wanda lambarsa ta hana santsi ta kai R10 ko R11. Launi kuma toka-toka ko ruwan ƙasa, saboda jar ƙasarmu da ƙurar hunturu ba sa raga wa fari, baƙi ma kowane sawu sai ya nuna.

Tambaya: Ina ɗan taɓa walda da gyaran janareto a garejina a Hanwa, ina kuma ɗaga mota da jak. Tayil zai yi mini?

Amsa: Alhaji, a nan sai mun rage murya. Jak mai tayoyin ƙarfe yana tara nauyi a wurin da bai fi kan yatsa ba, ƙafafun abin tokare mota ma haka. Maganinsa mai sauƙi ne: filawud mai kaurin milimita 18 a ƙarƙashinsu kowane lokaci. Guduma ko babbar sifana ta suɓuce daga kan benci tana iya ɓalle baki, don haka a shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a gaban bencin. Baƙin mai da fetur ba sa shiga jikin fosilin, tsumma ya isa. Tsagar da ke tsakani ce ke sha, ruwan batir kuma yana cinye ta idan ta siminti ce. In da hali a cike ta da efoksi, wani irin gam mai ƙarfi da mai ba ya shigarsa. Yana da tsada, yana saurin daskarewa, sai mai hannu. Farin siminti da aka saba cusawa ba zai yi wata biyu da farinsa ba.

Walda ce ba su jituwa. Tartsatsinta da na injin yankan ƙarfe yana manne wa fuskar tayil, ya bar ɗige-ɗigen da ke yin tsatsa, wanki ba ya fitar da su. Idan sau ɗaya ne a wata, shimfiɗa falankin ƙarfe ko ka fita tsakar gida. Idan kusan kullum ne, shawararmu ka bar ɓangaren aikin da kankare mai kyau wanda aka goge, ka sa tayil inda mota ke tsayawa kawai.

Tambaya: Nawa an sa shi da sanyi, zafi na shigowa sai layi guda na bakin ƙofa ya tashi ya yi tozo. Me ya jawo?

Amsa: An matse shi ne, Malam. Tayil da kankare suna buɗewa da zafi, ba kuma daidai da juna ba. Wanda aka jera da sanyin Janairu baki da baki, aka kuma danna shi jikin bango, in ranar Afrilu ta doke shi ta ƙofar gareji ba shi da wajen tafiya sai sama. A bar tsagar milimita 3 tsakanin kowane biyu, milimita 8 zuwa 10 a jikin bango, a rufe da sikatin. Inda rana ke bugawa, kowane mita 3 a bar tsaga guda da za a cike da silikon maimakon siminti. Akwai kuma illar hunturun kansa: iska na busar da fuskar gam kafin a ɗora tayil, ya yi fata, ya ƙi kamawa. A irin wannan lokaci kada a shafa fiye da na tayil biyu ko uku a tashi ɗaya, kuma gam ɗin da ya fara tauri a bokiti a zubar, kada a ƙara masa ruwa.

Wajen gyara, a ƙwanƙwasa layukan da ke maƙwabtaka da wanda ya tashi, a cire duk mai amo, a kankare tsohon simintin har ƙasa. A bakin ƙofa a sa ƙarfen kusurwa da zai kare gefen layin farko, domin nan taya ke fara duka, a kuma duba cewa daɓen ya ɗan gangara waje, santimita 1 a kowace mita.