Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatun DNA

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin nazarin halittu a Dutse, kana so ka zo ka yi irin aikina na nazarin DNA, wato ƙwayoyin gado, daga tsofaffin ƙasusuwa, tunda ka ji labarin Svante Pääbo da ya samu kyautar Nobel a 2022 kan DNA ɗin mutanen Neanderthal, wani jinsin mutanen da da ya ɓace. To, ka saurara da kyau.

Aikin nan lissafi ne tsagwaronsa. Yawancinmu ko ƙashi ba ma taɓawa. Masu haƙa daban, masu ɗakin gwaji daban. Abin da ke iso mana a kwamfuta miliyoyin guntayen haruffan DNA ne, gajeru, lalatattu, wasu ma sun gauraya da DNA ɗin wanda ya riƙe ƙashin. Kai za ka tace su, ka auna yadda al'ummomi suka yi tarayya a gado, ka gwada ko wata ta yi auratayya da wata. In ba ka iya ƙididdiga da harsunan kwamfuta irin su R ko Python ba, babu mai tsayawa ya koya maka. Zuwana na farko, wani babba a wurin aikinmu ya tambaye ni a gaban jama'a ko ana koyar da lissafi a ƙasarmu. Yau shi yake kawo mini bayanansa in duba masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka bar mu a baya. Zafin ƙasashenmu yana cinye DNA. Sai a 2015 aka karanta cikakken tsohon DNA daga Afirka, na mutumin kogon Mota a Habasha, mai kusan shekara 4,500. Na kusa da mu su ne yaran Shum Laka a Kamaru, a 2020. Rumbun 1000 Genomes kuwa, wanda ya tara DNA ɗin al'ummomin duniya na yau, yana da Yarabawan Ibadan da ƙabilar Esan ta jihar Edo, amma babu Bahaushe, sai a ɗauki Bayarabe a ce shi ne Afirka ta Yamma baki ɗaya. Shi ya sa nake so ka gaya wa Kawu ya daina aiko mini in tabbatar masa Bayajidda daga Bagadaza ya zo. Wannan lissafi al'umma yake dubawa, ba ya fito da sunan mutum ɗaya.

Sai kuɗi. Bizar ɗalibi tana buƙatar ka ajiye sama da Yuro 11,000 na shekara a asusun da aka kulle. Kada ka kuskura ka bari Baba ya sayar da gonar fadama saboda wannan. Nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, ko gurbin da ake biyan albashi.

Ka zauna daminar nan ka koyi R. Bayan kaka ka turo mini abin da ka yi, sannan mu yi maganar takardu.